Wace juji gwamnati za ta fara tsaftacewa idan kuɗi bai isa ba?

Ka tambaya ko girman juji ne ke sa a fara da shi. A'a, abin da ake dubawa shi ne hanyar da guba ke bi ta isa jikin mutum. Ƙaramin fili da dalma ta gurɓata ƙasarsa, inda yara ke wasa suna kai hannu baki, ya fi wata katafariyar juji da aka killace nesa da gari gaggawa, musamman idan gubar ta fara tsiyaya cikin ruwan rijiya. A Amurka, dokar Superfund ta 1980, wato dokar tsaftace wuraren da guba ta gurɓata, tana tilasta wa wanda ya gurɓata wuri ya biya kuɗin tsaftace shi, kuɗin gwamnati kuwa sai su tafi wuraren da masu su suka karye. Abin da ake yawan mantawa a kasafi, a ganina, shi ne kuɗin sa ido na shekaru bayan an kwashe ƙasar.