Tambayi Likita: A baƙar fata, ina ake duba alamun ciwo?

Tambaya: Likita, ɗana yana da asma. An ce in leɓensa ya yi shuɗi in garzaya asibiti, to shi kuwa baƙi ne wuluk. Yaya zan gane?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Yawancin littattafan da muka karanta da hotunan farar fata aka cika su, shi ya sa ake ta maganar shuɗi. A baƙar fata, toka-toka za ki gani a kewayen baki. Ki buɗe bakinsa a hasken rana, ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Amma kada ki jira launi, don a makare yake bayyana, mai ƙarancin jini kuma ba lallai ya nuna ba. In yana haki, haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya shan iska, ki kai shi.

Tambaya: Na sayi na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa. Na ji an ce tana kuskure a kan baƙaƙe, gaskiya ne?

Amsa: Akwai gaskiya a ciki, Malam. Haske take aikawa ta cikin yatsa, sinadarin melanin mai sa fata baƙi kuwa yana shanye wani sashe nasa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa ƙarancin iskar da na'urar ba ta nuna ba ya ninka kusan sau uku a baƙaƙe in aka kwatanta da farare. Wato takan ƙara lamba, ta kwantar da hankali alhali akwai matsala. Lafiyayye yakan nuna 95 zuwa 100. Ka goge jan farce, ka ɗumama hannu, ka jira lambar ta tsaya. In ta nuna 96 amma mutum yana kokawa da numfashi, ni dai mutumin nake yarda da shi. Gwajin jinin jijiya a asibiti shi ne mai raba gardama.

Tambaya: Jaririyata kwananta uku, ta yaya zan gane ciwon shawara?

Amsa: Barka da arziki. Ki duba farin idonta da dasashinta, sannan ki danna goshinta ki ɗage yatsa, ki ga ko wurin ya yi rawaya. In kin gani, ko ta ƙi kama nono, a auna jininta yau.