'Yata tana da shafi biyu, ɗaya da sunan bogi

Tambaya: 'Yata mai shekara 15 tana da shafi biyu a Instagram, ɗaya da sunanta na yanka wanda dangi suke bi, ɗayan kuma da wani laƙabi da hoton fure. Kwatsam na gano na biyun. Shin in tilasta mata ta rufe shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, laƙabi shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne, kuma Instagram bai hana shi ba, saɓanin Facebook wanda ƙa'idarsa ta ce mutum ya sa sunan da aka san shi da shi. Yarinyar da kawunnanta da gwaggwanninta suke ganin duk abin da ta wallafa za ta so wurin da za ta saki jiki da ƙawayenta.

Sai dai laƙabin bai ɓoye ta yadda take zato ba. Idan da lambar waya ɗaya ta buɗe shafukan, manhajar tana iya nuna na ɓoyen ga masu lambarta, haka kuma bajen makaranta a jikin hijabi ko ƙofar gidanku a bayan hoto sun isa a gane ta. Layukan waya a Najeriya an haɗa su da lambar NIN, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ba ta ɗauke wa mai sunan bogi alhakin barazana ko cin zarafi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, yarinyar da ta san iyayenta ba su san da shafin ba, takan yi shiru idan wani ya yaudare ta ya karɓi hotonta, sannan ya ce ko ta biya kuɗi ko ya yaɗa shi. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Instagram da Facebook, ya sanar da rufe shafuka kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan damfara, kuma da tsoron tonon asiri 'yan damfarar suke cin kasuwarsu.

Shi ya sa ban ga amfanin tilas ba, domin tana iya buɗe na uku wanda ba za ki taɓa gani ba. Ki zauna da ita ba da faɗa ba, ku kulle shafin yadda sai wanda ta amince zai gani, ku cire duk mabiyin da ba ta sani ido da ido ba, sannan ku tabbatar shekarunta na gaskiya ta sa, don da su ne manhajar take ba matasa ƙarin kariya. Ki kuma yi mata alkawari cewa ranar da wani ya tsoratar da ita, idan ta faɗa miki ba za ki ƙwace wayar ba.