Tallafin Lafiya da Aka Ware wa 'Yan Luwaɗi da Maɗigo: A Karɓa Ko a Bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Gusau. Muna da 'yar ƙungiya ta ma'aikatan lafiya, aikinmu gwajin ƙanjamau da bibiyar masu shan magani. Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 al'amura suka tsaya mana cik. Yanzu wata gidauniya ta ƙasar waje ta ce za ta ba mu kuɗi, amma a takardar an rubuta cewa na kula da lafiya da wayar da kan 'yan luwaɗi da maɗigo ne. Kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce kuɗin haram ne, ko taɓa shi kada mu yi. Wasu sun ce mu karɓa mu ci gaba da aikin da muka saba, mu rubuta musu rahoton da suke son gani. Maigidana ya ce in tambayi malamai. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ke da maigidanki, da kuka tsaya tambaya kafin a sa hannu.

Luwaɗi da maɗigo haramun ne, babu saɓani a kai tsakanin mazhabobi huɗu, kuma ƙissar mutanen Annabi Luɗu (AS) tana nan a Suratul A'araf da Hud da wasunsu. Na san ba wannan kika tambaya ba, kin riga kin sani. Abin da ya rikita ku shi ne kuɗin, da kuma aikin da za a yi da shi.

Kuɗin wanda ba Musulmi ba bai haramta don fitowarsa daga hannunsa kawai. Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis sarkin Masar, kuma malaman sira sun kawo cewa gonakin Mukhairiƙ Bayahude, wanda aka kashe ranar Uhudu, sun koma sadaka a Madina bisa wasiyyarsa. Mu nan Zamfara ma ba sai an je da nisa ba. A 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, likitocin Na-gari Na-kowa ne suka zo da maganin wanke jini, da kuɗin mutanen da ba su san inda Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan, take ba. Ban ji malami ko ɗaya da ya ce a mayar musu ba.

Saura aikin. Ma'auninsa aya ta 2 ce a Suratul Ma'ida, inda Allah ya ce a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada a taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Sai ku ɗauko takardar ku bi ta layi-layi. Gwajin jini, maganin ƙanjamau, maganin ciwon sanyi, gwajin tarin fuka da ciwon hanta, koya wa mara lafiya yadda zai sha ƙwayarsa kullum ba fashi: duk wannan jinya ce, halal ce, albashinku a kanta halal ne. Shari'a ba ta taɓa ɗora wa likita binciken zunubin majinyaci kafin ya duba shi ba. Mashayi da hantarsa ta lalace ana kwantar da shi, ɗan daba da aka sara ana masa ɗinki. A hadisin Bukhari da Muslim an gafarta wa mace mazinaciya saboda ta shayar da kare, kuma Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai danshi, wato kowane mai rai. To ina ga ɗan Adam, kuma galibi Musulmi, wanda yake sahu ɗaya da mu ranar Juma'a?

Akwai abin da masu cewa a kore su ba sa kallo, ke kuwa kina ganinsa a ɗakin awo. Da yawa daga cikin mutanen nan suna da aure. Matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta zo awon ciki wata biyar, an ɗebi jini, sai a kira ta gefe a rufe labule. Ga jinjirin da ke cikinta. Likitoci sun tabbatar cewa wanda yake shan magani a kan ƙa'ida har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, kuma uwa mai shan magani tana iya haihuwar ɗa lafiyayye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Nijeriya. Duk wanda aka tsorata ya guje wa asibiti, gidansa zai koma da ita. Ƙa'idar da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ba cuta ba cutarwa, ta faɗa a nan daidai. A kan wannan ne nake ganin ba laifi likita ya ba mai cutar kwaroron roba a ɗakin duba marasa lafiya don kare matarsa, ko da yake na san akwai malaman da suka ƙi, kuma ban goyi bayan a riƙa rabawa a tasha kamar alewa ba.

Inda za ku tsaya shi ne kalmar "wayar da kai". Idan ma'anarta bayanin yadda cuta ke yaɗuwa da yadda ake kauce mata, ku yi. Idan kuwa sharaɗin ya ce ku koyar cewa aikin nan daidai ne, ko ku buɗe wurin haɗuwa, ko ku shiga makarantu da wannan saƙo, ko ku yi gangamin neman a halatta shi, to wannan ɓangaren bai halatta gare ku ba. Ku rubuta musu a fili ku nemi a cire shi. In sun yarda, madalla. In sun ce ko duka ko babu, ku bar musu kuɗinsu ku nemi wata ƙofar, ta hukumar NACA mai yaƙi da ƙanjamau ko ta masu hannu da shuni na gida, waɗanda a ganina sun daɗe suna barin wannan fage ga baƙi sannan su dawo suna zargin baƙin. Ku kuma nemi lauya ya karanta takardar, domin dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar da ƙungiyar masu auren jinsi ko ya tallafa mata, ga kuma dokokin Shari'a da jiharmu ke bi tun 2000. Fassara doka aikin lauya ne, ni abin da ya shafi halal da haram na faɗa.

Shawarar ɓangare na biyu kuwa, wato a karɓa a yi wani abu daban a rubuta rahoton ƙarya, ita ce ta fi tayar mini da hankali. Wannan ha'inci ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe, ba ta ware alkawarin da aka yi da Bature ba. Mun san yadda ake yi: a zauna a ofis da biro kala uku a cike takardar halartar bita da sunayen da ba su wanzu ba. Kuɗin da aka ci ta wannan hanya haram ne ko da a ce masallaci aka gina da shi.

Sai sirri, kuma a nan nake so ki buɗe kunne sosai. Kin san mutumin da ke tasowa daga Talata Mafara ko Ƙauran Namoda ya zo Gusau karɓar magani don kada a gan shi a garinsu, ya kankare takardar jikin robar maganin kafin ya sa a aljihu. Abin da ya faɗa miki amana ce. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, kuma hadisi ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi. Ba za ki kai sunansa wa mai unguwa ba, ba za ki ba maigidanki labarinsa da daddare ba, ba za a sa shi a WhatsApp ba. Idan gidauniyar ta nemi alƙaluma, ku ba ta lambobi ban da sunaye, kada ku ajiye wani rajista da aka rubuta wane ɗan kaza ne, domin ranar da littafin nan ya faɗa hannun ɓata-gari, jinin da aka zubar da hannunku a ciki. Duka da jifa da tozarta mutum a titi ba su da gurbi a Shari'a, hukunci na alƙali ne da sharuɗɗansa masu tsauri. An taɓa kawo mashayi gaban Annabi (SAW), wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai ya hana, ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku.

Game da matar majinyacin, a lallashe shi ya kawo ta gwaji da kansa ta hanyar da asibiti ya tsara, ba sai an faɗa mata ta inda ya ɗauko ba. Nasiha kuma, in kin ga fuska kuma shi ya buɗe ƙofa, ki yi masa a keɓe cikin taushin murya, bayan kin miƙa masa maganinsa, kada ya ji kamar sai ya saurari wa'azi za a ba shi. Wallahu a'alam.