Tarakta marar direba: yadda take gane hanya, da irin gonar da take so

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin shinkafa da masara ne a yankin Kura, jihar Kano. Ɗana ya nuna mini bidiyo a waya, ga tarakta tana ta aiki a gona amma ba kowa a kujerar direba. Shin gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, yaya take sanin inda za ta bi, kuma za ta iya aiki a irin gonakinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba haɗi ba ne, irin waɗannan motocin noma suna nan suna aiki. Sai dai abu biyu ne mutane ke cakuɗawa.

Na farko ya haura shekara 20 a gonakin Amurka da Turai. Direba na zaune, amma na'ura ce ke riƙe da sitiyari, tana bin saƙon tauraron ɗan'adam, wato GPS. Wanda ke cikin wayarka kan yi kuskuren mita uku ko biyar, abin da ba zai yiwu a layin shuka ba. Don haka ake kafa wata ƙaramar tasha a wuri guda da aka san matsayinsa daidai, ita kuma tana aika wa tarakta gyara a kowane lokaci. Ana kiran tsarin RTK, kuma da shi kuskuren kan dawo santimita biyu zuwa uku. Layi ba ya hawa kan layi, ba a tsallake wuri, taki da iri da man dizal ba sa tafiya a banza, ko da tsakar dare ake aikin.

Na biyu shi ne wanda ka gani. A watan Janairun 2022 kamfanin John Deere ya nuna tarakta samfurin 8R a birnin Las Vegas, mai kyamara 12 da ke kallon kowace kusurwa. In ta hango abin da ba ta gane ba, sai ta tsaya, saƙo ya iso wayar mai gona. Amma kafin nan sai mutum ya shata mata iyakar gonar a taswira, ya kai ta wurin, ya zuba mata mai, ya ɗaura mata garma. Da aikin kaftu kaɗai aka fara ta.

Ni dai ƙananan injuna sun fi ɗaukar hankalina. A 2017 jami'ar Harper Adams da ke Ingila ta noma sha'ir a hekta guda, tun daga shuka har girbi, ba wanda ya sa ƙafa a cikin gonar, aka samu kusan tan huɗu da rabi. Ƙaramar tarakta suka gyara, kuma ƙaramin inji ba ya danne ƙasa kamar babba. A Denmak akwai wani injin noma mai suna FarmDroid, mai aiki da hasken rana. Shi ke shuka, yana kuma ajiye wurin da ya sa kowace ƙwayar iri a ƙwaƙwalwarsa. In ya dawo noma, ba sai ya ga tsiron ba: wuƙarsa na yanke ciyawa tsakanin shuka da shuka, tana janyewa daidai inda ya san akwai iri. Tafiyar hawainiya yake yi, amma yana iya fara noman tun kafin shukar ta fito.

Dalilin ƙirƙirarsu rashin hannu ne. A Japan akasarin manoma sun haura shekara 65, shi ya sa kamfanonin Kubota da Yanmar suka duƙufa, har da injin dashen shinkafa mai tuƙa kansa. Suna da rauninsu kuma: a watan Mayun 2024 wata guguwa daga rana ta rikita saƙon GPS, manoma da dama a Amurka suka dakatar da shuka ana tsaka da lokacinta.

To, mu dawo gida. Tarakta marar direba tana son fili shimfiɗaɗɗe, amfani iri ɗaya, layi miƙaƙƙe. Gonar tudu a wajenmu kuwa ga gawo ga ɗorawa a tsakiya, ga kututture, ga dawa da wake a gicci, ga turba ta ratsa, akuya ta shigo, yaro ya kawo abinci. Kowane ɗaya zai sa ta taka burki ta jira umarni. Sannan in ta samu matsala, bakanikenmu da ke gane ciwon inji daga jin ƙararsa ba zai iya taɓa kwamfutarta ba. Filin shinkafarka na ban-ruwa ya fi kusa da abin da take so, amma fa sai an daidaita ƙasar, an kuma faɗaɗa fangalin.

Ra'ayina a fili: direbobi ba su yi mana ƙaranci ba, taraktar ce babu, manomi ya yi ta jiran layi har shuka ta wuce shi. Shi ya sa nake ganin tsari irin na Hello Tractor, wanda aka fara a Najeriya a 2014, ya fi kusa da buƙatarmu a yanzu. Ana maƙala wa tarakta na'urar GPS, mai ita na ganin inda take da faɗin abin da ta noma, manoma kuma su yi odar aiki ta waya ko ta hannun wakili.

In kuna da ƙungiya, ku haɗa filayen da ke maƙwabtaka ku yi haya a rana guda, ku tumɓuke kututture tun da rani, ku kuma nemi a auna gonakin da GPS kafin a yi ciniki, domin a caje ku gwargwadon hektar da aka noma.