Amsata ga ƙanena mai tambaya kan halin ɗan Adam da gaskiyar addinin Kirista

Salama gare ku 'yan zauren nan. Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, cewa ko halin ɗan Adam kansa, yadda kirki da mugunta ke zaune cikin ciki ɗaya, ya isa hujja cewa addinin Kirista gaskiya ne. Wasu sun ce maka e kai tsaye, wasu sun ce babu ruwan wannan da wancan. Ni Kirista ne, a Zuru aka haife ni, shekara 31 ke nan ina sana'ar hatsi, to bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Da na fara, mudu biyu gare ni. Ɗaya an bubbuga gindinsa ya yi zurfi, da shi nake saye wajen mutanen ƙauye, ɗayan an tura gindin sama, da shi nake auna wa masu saye, kuma ran Lahadi ina sahun mawaƙa a coci, ni ne ma mai jan baiti. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta kawo dawa cikin ƙwarya ta ce maganin jikanta za ta saya, na auna ya ba da mudu 4, ta ce ɗana a gida na auna 5 ne fa. Ta dubi mudun, ta dube ni, ba ta ƙara magana ba, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta tafi. Daren nan ban runtsa ba. Amma abin da nake so ka lura da shi, kasuwa ta gaba na sake yi, na ci gaba da yi kusan shekara biyu ina sane, zuciyata na ci na kullum.

Shi ya sa ranar da na karanta Romawa sura 7 a Littafi Mai Tsarki, inda Manzo Bulus ke cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba, muguntar da ba ya so ita yake aikatawa, sai na ji kamar a rumfata yake zaune. Agustin ma, wancan bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ba da labarin yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokai suka saci 'ya'yan itace, ba yunwa suke ji ba, aladu ma suka watsa wa. Shi ne ya fi kowa kafewa kan cewa da raunin zunubi ake haifar mu, tun daga Adamu. Ni dai ban taɓa jin bayanin da ya kama ni kamar wanga ba, an halicce mu cikin kamannin Allah shi ya sa lamiri ba ya barinmu mu yi barci, mun kuma faɗi shi ya sa sanin daidai ba ya hana mu.

To amma ka tsaya nan, kar ka ɗauki wannan ka tafi da shi wajen mahawara kana ganin ka gama. Maƙwabcin rumfata Musulmi ne, malami ne ma, mun fi shekara 20 muna cin abinci kwano ɗaya. Na ba shi labarin mudun nan duka, ya ce ai wannan mun san shi, ita ce rai mai yawan umurni da mugunta da aka ambata a Suratu Yusuf, abin da ya hana ka barci kuwa fiɗira ce, kowane jariri a kanta ake haihuwarsa, babu wanda ke gadon laifin wani, Annabi Adamu ya tuba an yafe masa. Ka gani? Mudu ɗaya, dare ɗaya, kowa da karatunsa, kuma ba ƙarya yake min ba, shi ma ya san mutum. Kakana kuma bai taɓa shiga coci ko masallaci ba, ya yi golmo, wato noman neman aure, a gonar surukinsa, ba ya fashin Uhola, bikinmu na gargajiya, amma in ya tsinci akuyar wani sai ya bi gari gari da ita. Bulus ɗin ma ya yarda da irinsa, a Romawa sura 2 ya ce akwai al'ummai da aka rubuta musu shari'a a zuciya.

Saboda haka a ganina halinmu yana nuna akwai ciwo, yana nuna mun san lafiya, amma shi kaɗai ba ya faɗa maka sunan mai magani. Bangaskiyarmu a kan gicciye da tashin Yesu daga matattu take tsaye, 1 Korintiyawa sura 15 ta faɗa ƙarara, in Almasihu bai tashi ba wa'azinmu banza ne. Can ya kamata ka kai bincikenka, kuma in za ka yi magana da abokanka Musulmi ka yi ta da ladabi, ka saurari nasu har ƙarshe.

Ni abin da ya riƙe ni a coci bai wuce wannan ba, na daina mudu biyu, na fasa babban da gatari a bayan gida, amma daina cuta bai mayar wa kowa dawarsa ba, mutane nawa na cuta ban ma san fuskarsu ba. Ina bukatar wanda zai ɗauki wannan bashin. Tsohuwar nan na yi ta dubanta duk ranar kasuwa, na tambayi 'yan ƙauyukan da ke kawo min hatsi, ba ta sake zuwa ba, har yau kuɗin mudu ɗayanta na wurina.