Ku Tambaya Mu Amsa: Gilashin Kyamara Guda Ɗaya na Aikin Gida da na Tafiya

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan gilashin gaban kyamara, wanda masu sana'a ke ce wa lens. Mun zaɓi uku daga ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, ina aiki da Canon 700D da gilashin da ta zo da shi, 18-55. Ina ɗaukar ɗaurin aure da suna, ina zuwa hawan sallah, wani lokacin kuma na hau babur zuwa kasuwar Maigatari na ɗauki dabbobi. Matsalata ba ya zuƙo abu daga nesa. Wani ya ce na sayi 75-300, wani ya ce 18-400 ya fi kowanne. Kuɗin guda ɗaya kawai nake da shi. Wanne zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin biyun nan babu wanda za mu ce ka saya. Ka nemi Canon EF-S 18-135mm f/3.5-5.6 IS, mai alamar STM ko USM, wato nau'in injin da ke yi masa saiti don hoto ya fito tar. Ga dalili.

Lambar milimita ita ce ke nuna yawan filin da gilashi ke kwasowa. Ƙaramar lamba tana kwaso faɗi, babba tana zuƙo nesa ta matse faɗin. Faɗin sensar kyamararka, wato farantin da ke karɓar hoto a cikinta, milimita 22.3 ne, don haka lissafin a fili yake. A ce ango da abokansa goma sun jeru a ƙofar gida, faɗin layin nasu mita 5. A kan 18mm, ka ja da baya mita 4 kawai kowa ya shigo. A kan 75mm, wanda shi ne iyakar faɗin 75-300, sai ka ja da baya kusan mita 17. A wane lungu za ka sami mita 17 ranar ɗaurin aure ba tare da jama'a sun cika tsakaninku ba? Ke nan dole ka riƙa cire wannan kana ɗaura wancan, a tsaye, cikin ƙura, kuma wannan cire-ciren ne babbar hanyar da datti ke kaiwa ga sensa. Ƙari a kan haka, 75-300 da ya fi yawa a kasuwa, mai alamar III, ba shi da IS, wato abin da ke rage rawar hannu. Idan ka zuƙo har 300 babu shi, ƙaramin motsin numfashinka ma sai ya fito a hoto.

To 135 ɗin ya isa hawan sallah? Ya isa. Doki da mahayinsa, har rawani, ba su cika wuce tsayin mita biyu da rabi ba. Da 55mm sai ka matsa kusan mita 10 kafin su cika hoto, wanda dogarai ba za su bari ba, kuma haɗari ne lokacin da aka saki linzami za a yi jafi. Da 135mm kana tsaye a mita 25 za ka cika hoton da su. Haka ma a kara: kana gefe za ka ɗauko ƙahon bijimi da fuskar dillali ba ka kutsa cikin garke ba. Juyi ɗaya na hannu kuma ka dawo 18 ka kwaso kasuwar gaba ɗaya.

Shi kuwa 18-400 na Tamron, babu shakka abin sha'awa ne, amma duk gilashin da aka ce ya yi aikin uku sai ya bar wani abu. Hotonsa yana laushi idan an kai ƙarshen zuƙowa, ƙofar haskensa tana tsukewa zuwa f/6.3, ya kuma fi nauyi, ya haura giram 700, alhali 18-135 STM giram 480 ne. Akwai kuma abin da takardar kamfani ba ta faɗa: a ƙasarmu iskar da ke tsakaninka da abin da ka hango ba ta da tsabta. Da hunturu hazo ne, da bazara kuma turirin zafi ne ke sa nesa rawa. Milimita 400 ba ya maganin wannan, ƙara fito da shi ma yake yi. Idan wata rana ka ƙudurta zuwa Baturiya ɗaukar tsuntsaye, sai ka tara kuɗi ka ƙaro EF-S 55-250mm IS STM, ka ajiye shi don wannan aikin kaɗai.

Gilashin 18-135 iri uku ne. Na farko, wanda ya fito a 2009, ba shi da STM a jikinsa, kuma injin saitinsa yana da ƙara. Na 2012 shi ne STM, na 2016 kuma USM. Biyun ƙarshe sun fi kaifin hoto, kuma saitinsu shiru yake, abin da za ka gode masa idan kana ɗaukar bidiyon addu'ar ɗaurin aure. Bakinsu duka milimita 67 ne, shi ne girman filta da murfin da za ka nema. Mai Nikon irin D3300, D5300 ko D7100, takwaran wannan a wajensa shi ne AF-S DX 18-140mm VR.

Ga yadda za ka saita shi ranar hawa: ka juya kan Tv, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawar kyamara, ka sa shi 1/1000 na daƙiƙa, saitin kai-da-kai a kan AI Servo mai bin abin da ke motsi, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na sensa, ka bar shi a otomatik. Kada ka dogara da IS a nan, domin hannunka yake tsayarwa, ba ƙafar doki ba. Hoton jama'a da rana kuwa, ka juya kan Av, inda kai ke zaɓar girman ƙofar haske, ka sa f/8, ka nemi inuwar bango ko ta darbejiya. Ka guji rumfar biki mai launin ja ko kore, tana rina fuska da farar shadda.

Rauninsa ɗaya ne, kuma ba za mu ɓoye maka ba: da zarar an yi magariba ya zama rago, daidai da 18-55 ɗinka, domin ƙofar haskensu ɗaya ce. Kada ka sayar da tsohon, ka bar shi don ranar ko-ta-kwana. Amsar da ke biye ta shafe ka.

TAMBAYA: Ni mace ce, daga yankin Rano. Ina ɗaukar kamu da walima da suna a cikin gida, inda maza ba sa shiga. Nikon D3200 gare ni. Hotunan cikin ɗaki suna fitowa da duhu ko dishi-dishi. Yayana ya aro min 50mm f/1.8, amma ya ƙi yin saiti da kansa, kuma ɗakin yana yi masa kaɗan. Ko lalatacce ne?

AMSA: Malama, da wuya a ce lalatacce ne. Ki duba rubutun jikinsa. Idan kin ga 50mm 1:1.8D, to lafiyarsa ƙalau, kyamararki ce ba ta da injin da ke juya shi. Irin waɗannan tsofaffin gilasai da injin cikin kyamara suke aiki, su kuwa D3100, D3200, D5100 da 'yan uwansu ba a sa musu shi ba. Naki sai gilashi mai alamar AF-S, wanda ke ɗauke da injinsa. Ki kuma kiyayi mai alamar AF-P, shi ya yi wa D3200 sabunta, ba ya aiki da ita. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗin mota zuwa Kano a kan harafi ɗaya.

Duhun kuwa daga lambar f yake. Ita ce girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take tafiya: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin 18-55 idan an zuƙo shi yana tsukewa zuwa f/5.6. Da kyamara ta ga haske ya yi kaɗan sai ta jinkirta ƙiftawa zuwa kamar 1/15, a wannan ɗan lokacin amarya ta motsa kai, sai fuska ta goge. Ƙofar f/2.8 tana shigar da haske ninki huɗu na f/5.6, f/1.8 kuma kusan ninki goma. Inda kike samun 1/15 sai ki sami kusan 1/150, ba ki ƙara fitila ko ɗaya ba.

Abin da ya dace da ke shi ne Nikon AF-S DX 35mm f/1.8G. Ƙarami ne, giram 200, yana shiga jakar hannu. Idan kika jingina da bango, mutane suna mita 3 daga gare ki, 50mm faɗin mita 1.4 kawai zai kwaso, mutum biyu ke nan a matse. Shi 35mm zai ba ki kusan mita 2, amarya da ƙawaye uku a bakin gado. Ba ya zuƙowa, ƙafarki ce za ta yi gaba ta yi baya, amma cikin mako biyu hannu zai saba. Idan kuma kin fi son mai zuƙowa guda ɗaya da zai yi ɗaki ya yi tsakar gida, akwai Sigma 17-50mm f/2.8 OS HSM, wanda ke riƙe f/2.8 daga farko har ƙarshe, kuma yana da injinsa. Ya fi tsada da nauyi, giram 565 ne, amma ga mai aikin cikin gida shi ne gilashin komai-da-ruwanka na gaskiya, ya fi 18-140 amfani a wajenki. Akwai na Nikon da na Canon, ki tabbatar na Nikon aka ba ki.

Hattara ɗaya: buɗe ƙofa yana rage zurfin abin da ke fitowa tar. A f/1.8, daga mita 2, abin da zai fito sarai bai wuce taƙi ɗaya ba. Idan dangin ango sun yi layi biyu, na baya za su yi dishi-dishi. Don haka f/1.8 zuwa f/2.2 na mutum ɗaya ne, ko lallen hannu, ki ɗora saitin a kan ido. Taro kuwa ki koma f/4, ki ɗaga ISO zuwa 1600, ki sa su fuskanci ƙofa ko taga. Kada saurin ƙiftawa ya sauka ƙasa da 1/125, lokacin rawa da liƙi kuma 1/250. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki, irin wanda ɗaga ISO ke kawowa, ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya goge ba a iyawa. Idan kina da filasha ta ɗorawa, ki harba ta sama ta dawo daga farin silin. Inda rufin kwano ne ko azara, hasken ba zai dawo da kyau ba, sai ki sa wata ta riƙe miki fitilar caji daga gefe, a lulluɓe ta da farin ƙyalle mara kauri.

Mai Canon da ke da irin wannan matsala, kamar Malam na sama, ya duba EF 50mm f/1.8 STM don hoton mutum ɗaya, ko EF-S 24mm f/2.8 STM don ƙaramin ɗaki.

TAMBAYA: Daga Gumel nake. Sabon gilashi ya fi ƙarfina, na hannu zan saya. Me zan duba? Kuma yaya zan kare shi daga ƙura?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka je kasuwa sai da kyamararka a hannu, batir cike, da kati a ciki. Gilashin da ba ka ɗaura a kyamararka ba, ba ka gwada shi ba.

Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a ɗan karkace. 'Yan ƙwayoyin ƙura ba komai ba ne, kowane gilashi mai zuƙowa yana shaƙar iska, kuma ba sa fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, tana cin rufin gilashin. Haka ma hazo fari da ya mamaye ciki. Kayan da suka daɗe a wuri mai danshi sun fi kamuwa da su. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Idan bakin da ake murɗa filta ya lanƙwashe, gilashin ya taɓa faɗuwa.

Daga nan ka ɗaura shi. Ka juya zoben zuƙowa a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Idan ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. Ka yi saiti kusa, ka yi nesa, sau goma, a faɗi da kuma a zuƙe, domin wani yana aiki a 18 ya ƙi a 135 idan siririyar wayar ciki ta fara tsinkewa. Ka ɗauki hoto a f/16, idan Canon ce ka ga ko za ta nuna Err 01, alamar kyamara da gilashin ba sa jituwa ke nan. Sannan ka tsaya daidai gaban bangon bulo ka ɗauka, ka zuƙo hoton a allo ka gwada kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya tar yake, ɗayan ya narke, wani gilashin ciki ya goce, ka mayar masa da kayansa. Mai Canon ya lura da alamar ɗauri: jan ɗigo EF ne, yana shiga duka, farin murabba'i EF-S ne, ba ya shiga 5D ko 6D.

Maganar ƙura kuwa, laifin da ya fi yawa shi ne gogewa da bakin riga. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, goge ta a bushe kamar gurza gilashin ne. Ka fara hure ta da famfon roba na hannu, sannan burushi mai taushi, sai a ƙarshe ƙyallen goge tabarau da ɗigo ɗaya na ruwan goge gilashi, a kan ƙyallen, ba a kan gilashin ba. Ka sa filta mara launi mai kyau ta zauna a gaba, ka kuma bar hular gilashin a ɗaure ko da yaushe, tana tare rana tana tare duka. Idan dole ka canja gilashi a fili, ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

A kan babur, jakar ta zauna a jikinka, kada ka ɗaure ta a kariya, girgizar hanyar burji tana kwance sukurori tana lalata IS. Da bazara kada ka bar ta a rufaffiyar mota. Da damina kuma kada ta kwana a jiƙaƙƙiyar jaka: ka sami robar da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa sauya su duk bayan 'yan makonni.