Hukuncin Juye Shara a Kwata da Ƙona Leda a Ƙofar Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. A layinmu idan ruwan sama ya tsuge, kowane gida sai a ba yara bokitin shara su juye a kwata don ruwa ya tafi da ita. Da rani kuma ƙona ta muke yi a ƙofar gida. Bola tana da nisa da mu, mai kurar shara kuma ba kullum yake zuwa ba. Shin akwai laifi a kaina? Daga wata baiwar Allah, Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, domin mutane da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin abin da ake tambayar malamai a kansa.

Juye shara a kwata haramun ne, ko ana ruwa ko ba a yi. Dalili shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce a guji abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu. Dalilin hanin shi ne cutar da jama'a a wurin da suka yi tarayya a cikinsa, kwatar layi kuwa ta kowa ce.

Ki duba abin da yake faruwa bayan bokitin ya bar hannun yaro. Ruwa ba ya cinye shara, gaba yake kai ta. Leda ba ta narkewa. Tana isa bakin kwalbati sai ta maƙale, tsumma da robobi su taru a kanta, yashi ya danne su, hanya ta toshe. A Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, wannan toshewar ce take mayar da ruwa cikin gidajen da ke gangare. Ginin ƙasa ya jiƙa ya zube, masai ta cika ta haɗu da rijiya, amai da gudawa su biyo baya. Ruwan da ya kwanta kuma, kwana bakwai zuwa goma sun ishi sauro ya tashi daga ƙwai. Abin da ya tsallake ya faɗa rafin Jakara, wanda masu lambu suke ban ruwa da shi. Wanda aka cuta ba ki san shi ba, amma rashin sanin mai haƙƙi ba ya kayar da haƙƙi. Idan ta tabbata sharar wani ce ta jawo ɓarna, akwai lamuni a kansa, wato biyan abin da ya lalace. Inda aka yi tarayya, wannan aikin alƙali ne.

Laifin yana kan babban da ya aika, tunda yaro ba mukallafi ba ne. Ga wani laifin na biyu: tura yaro bakin kwata tana ambaliya. Ruwa yana tafiya da yara ta haka.

Ƙonawa kuwa sai an rarrabe. Busasshen ganye da takarda, idan hayaƙin bai shiga gidan maƙwabci ba, babu laifi. Amma leda, taya, soson katifa da fatar wayar lantarki, hayaƙinsu yana da guba, yana tayar wa masu asma ciwo, ya fi illa ga jarirai da tsofaffi. Ƙona su a cikin lungu bai halatta ba. Muslim ya ruwaito cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba, ba zai shiga Aljanna ba.

Uzurin nisan bola gaskiya ne, ban raina shi ba, kuma wajibi ne a kan hukuma ta kwashe shara. Sai dai lalura ba ta tabbata matuƙar akwai mafita, mafitar kuwa ita ce a raba sharar tun daga ɗakin girki.

Ragowar tuwo da ƙanzo a shanya su bushe, masu kiwo suna so. Ɓawon doya, dankali da ganye a zuba a rami ko tsohon bokiti mai huji a ƙasa, a haɗa da kashin awaki da toka kaɗan wadda ta huce. A riƙa yayyafa ruwa ya zama da danshi kawai, a juya sau ɗaya a mako, cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki. Idan ya fara wari, ruwa ne ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Kada a sa nama, kifi ko mai, ɓeraye suke kira. Gwangwani, ƙarfe da robobi 'yan gwangwan suna saye. Ruwan wanke-wanke a tace shi da tsohuwar rariya kafin ya fita. Famfas najasa ce, a ƙulle a leda ta tafi bola. Baƙin man janareta a zuba a galan a kai wa makanike, batir kuma kada a sa shi a wuta.

Abin da zai rage galibi leda ce busasshiya. Ba ta wari, buhu ɗaya zai riƙe ta har mai kura ya zo. A ɗaure bakin buhun, don awaki suna cin leda ta cushe musu tumbi. Mazan layi su je wurin mai unguwa a nemi REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ta ware wurin tara shara kusa, a kuma yashe kwata ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin da aka yaso a kwashe shi, domin idan aka bar shi a gefe ruwan gaba zai mayar da shi.

Na baya da kika yi cikin rashin sani, ki yi istigfari ki daina. Idan kin san gidan da ruwan layinku ya taɓa shiga, ki nemi yafiyarsu. Wallahu a'alam.